Saye, Haya ko Aro: Na Wane ne Wasan da Aka Biya Kuɗinsa?

A ƙasar Arewa, tun daga Matankari zuwa Dogon Dutsi har Tibiri, babu manomin da yake rikita gonar gado da gonar aro. Gona takan shiga hannun mutum ta hanyar gado, ko saye, ko kyauta, ko haya, ko jingina, ko aro, kuma kowace hanya da irin hukuncinta. Wanda ya saya yana da ikon sayarwa, yana kuma iya bar wa ƴaƴansa. Wanda aka ba aro kuwa ya san akwai ranar da mai gona zai nemi abinsa, shi ya sa bisa al'ada ba ya dasa itace ko gina rijiya a ciki sai da izini. Ko kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa ba su haɗe waɗannan sunaye wuri guda ba: takardar shaidar saye dabam, ta aro dabam, ta jingina dabam. Dalili shi ne, sunan da aka ba ma'amala alkawari ne tsakanin mutum biyu.

Akwai wata kasuwa ta zamani da wannan alkawari ya fara lalacewa a cikinta, wato kasuwar wasannin kwamfuta. A da, mai son wasa yakan sayi faifai a kanti, ya ara wa abokinsa, in ya gaji da shi ya sayar. A 2003 kamfanin Valve na Amurka ya buɗe Steam, wani kanti na intanet inda ake biyan kuɗi a sauko da wasa kai tsaye, ba faifai ba kwali. Sannu a hankali wannan hanya ta mamaye cinikin wasannin kwamfuta, Valve yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na yawancin abin da aka sayar. Kalmar "saya" ba ta gushe daga allon kantin ba, amma a cikin doguwar yarjejeniyar da kusan kowa yake amincewa da ita ba tare da karantawa ba, an bayyana cewa izinin amfani kawai aka ba mutum. Ba shi da ikon sayar da wasan, kuma a 2024 ma'aikatan Valve sun tabbatar wa wani mai tambaya cewa ba a gadon asusun Steam ko da wasiyya.

Abin da wannan yake nufi ya fito fili a lamarin The Crew, wasan tseren motoci da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. An ƙera wasan ta yadda ba ya tashi sai ya haɗu da manyan kwamfutocin kamfanin, ko da mutum shi kaɗai yake wasa a ɗakinsa. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe waɗannan na'urori, sai wasan ya mutu a hannun duk wanda ya biya, har da masu faifai. Daga nan ne gangamin Stop Killing Games ya taso, wanda ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan 1 a ƙasashen Tarayyar Turai a 2025. Hukumomi kuwa ba su tsaya kan magana guda ba. A Faransa, ƙungiyar kare masu saye UFC-Que Choisir ta kai Valve ƙara. A 2019 wata kotun Faris ta ce mai wasa yana da ikon sake sayar da shi, a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, a 2024 kuma kotun ƙoli ta tabbatar da rushewar. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wata doka da ta fara aiki a 2025 ta hana amfani da kalmar "saya" sai an bayyana wa mai biya cewa izini ne kawai yake karɓa.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa riƙe manyan na'urori yana cin kuɗi, lasisin motoci da waƙoƙin da ke cikin wasa yana ƙarewa, sannan kowa ya amince da sharuɗɗa kafin ya biya. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai ramukan rariya a bayyane suke, mai saye yana ganinsu da idonsa. Sharaɗin da aka binne a cikin shafuffuka masu yawa, da yaren lauyoyi, alhali an rubuta "saya" da manyan baƙaƙe a gaba, ba a yi shi don a gani ba. Haya ba laifi ba ce. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malam ya san cewa haya halas ce, amma da sharaɗin a san ajalinta a kuma san ladanta. Ma'amalar da ake karɓar cikakken kuɗi, a hana mallaka, a kuma bar ajali a hannun ɓangare guda ya yanke shi ranar da ya ga dama, ta rasa amincin saye, ta kuma rasa amincin haya. Irin wannan duhu ne malaman fiƙihu suke kira garari. Kuma ba tilas ba ne a yi hakan, domin bayan ƙorafin jama'a Ubisoft da kansa ya yi alkawarin cewa The Crew 2 zai iya aiki ba tare da intanet ba.

Wani zai ce me ya haɗa matashin Dogon Dutsi da wannan rigima ta masu katin banki? Sabon babban wasa yakan kai yuro 60, wato sama da jika 39 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 aka tsayar tun daga 2024. Ga tsadar intanet, ga ɗaukewar lantarki. Saboda haka wasan da yake isa ɗakunan buga ƙwallon allo da kwamfutocin ɗalibai galibi kofi ne da aka fasa wa makulli, wanda ake samu wajen masu tura waƙoƙi da fina-finai a bakin kasuwa. Abin mamaki shi ne, sau da yawa kofin sata yana tashi ba intanet, babu mai iya kashe shi daga nesa, alhali na halas yana rataye da yardar kamfani. Tsarin da yake sa mai gaskiya ya fi mai fasa makulli wahala yana koya wa yara mummunan darasi. Shugaban Valve, Gabe Newell, da kansa ya faɗa a 2011 cewa satar fasaha ta fi alaƙa da rashin kyakkyawar hidima fiye da tsadar kaya.

Daga nan ne wasu suke yanke hukunci cewa, tunda saye ba mallaka ba ne, to kwafa ma ba sata ba ce. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai warin daddawa bai taɓa wanke ɓera ba. Gaskiya ne wanda ya kwafi wasa bai raba kowa da wani abu na hannu ba, kamar yadda ɓarawon akuya yake yi, amma ya ci gumin masu zane da masu kiɗa da masu rubuta manhaja, kuma da yawansu ƙananan ƙungiyoyi ne da ba su yaudari kowa ba. Hausawa sun ga irin wannan ɓarna a gida, lokacin da kwafe-kwafe ya taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan fina-finan Kano, har masu shiryawa da yawa suka koma YouTube. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977 kan mallakar fasaha, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da mai ƙirƙira abin karewa ne. Duk da haka nauyin laifi ba ɗaya ba ne. Yaron da ba a buɗe masa wata ƙofar halas ba, da mai ɗakin wasa da yake cin riba da aikin wani, da kamfanin da ya karɓi kuɗin dubban mutane sannan ya kashe abin da suka biya, kowanensu da gwargwadon sani da ikon da yake da shi, kuma wanda ya fi iko shi ya fi ɗaukar alhaki.

Hanyar tsakiya tana nan. Kantin GOG, da aka buɗe a Folan a 2008, yana sayar da wasanni ba tare da makulli ba, mai biya ya sauko da su ya adana a wajensa. Akwai kuma wasanni irin su SuperTuxKart da 0 A.D. waɗanda masu su suka halatta wa kowa ya kwafa ya rarraba, abin da ɗakin kwamfuta na makaranta ko na ƙungiyar raya al'adu zai iya amfani da shi ba tare da kunya ba.

Lamarin bai tsaya ga wasa ba. A 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu. Littattafan makaranta, ƙamusoshi da waƙoƙin Hausa duk suna bin wannan hanya ta intanet, kuma ɗakin karatun da aka gina da izini kawai yana iya wayewa fayau. Kayan aro ba ya rufe katara. Don haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibi tambayoyin da kakansa yake yi kafin ya sa hauya a gona: shin ana iya sayar da wannan abu, ana iya gadonsa, in kuwa ba haka ba, har zuwa yaushe? Mai sayarwa da ya amsa su dalla-dalla ya cancanci a biya shi haƙƙinsa cikakke. Wanda ya ƙi amsawa kuwa, sai a kira cinikinsa da sunan da ya dace da shi, wato aro mai tsada.