Hidima ga Wanda Ba Ya Iya Godiya

Mutanenmu suna kiran sashen kulawa ta musamman na asibiti da suna ɗakin gobe da nisa. A can ake kwantar da majinyacin da huhunsa ya gaza, a zura masa bututu ta baki har cikin maƙogwaro, na'ura tana tura masa iska. Bututun yana ratsa inda murya take fitowa, saboda haka ba ya iya magana, sau da yawa kuma yana cikin barcin magani. Mece ce darajar hidimar da ake yi wa mutumin da bai san ana yi masa ba, wanda watakila ba zai farka ya yi godiya ba?

Mu dubi ma'aikaciyar jinya a gefen gadonsa. Kusan kowace awa biyu tana juya shi don kada fatarsa ta yi gyambo. Tana zuƙe majinar da ke taruwa a bututun, tun da ba ya iya tari ya fitar da ita. Tana goge masa baki, tana ɗaga kan gadon zuwa digiri 30 ko fiye, don kada ƙwayoyin cuta su gangara cikin huhu. Mai kirki a cikinsu takan kira shi da sunansa, ta gaya masa abin da za ta yi kafin ta taɓa shi, domin wasu majinyatan suna ji ko da ba sa amsawa.

A shekarar 1952, lokacin annobar shan inna a Kopanhagen ta ƙasar Danmak, na'urori sun yi ƙaranci. Ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jakar roba da hannu don yara su samu iska. Ba su san wa zai rayu ba, amma ba su saki jakar ba.

Wani zai ce wahalar banza ce idan majinyacin ya mutu. Gaskiya ne ba kowa ne yake tashi ba, kuma akwai ranar da likitoci da iyali za su yarda cewa magani ya kai iyakarsa. Sai dai Farawa sura 2 ta koya mana cewa Allah ne ya hura wa mutum numfashi tun farko. Kowannenmu da aron numfashi yake rayuwa, ashe darajar mutum ba ta raguwa don na'ura ce take taimakonsa. A Matiyu sura 25 kuma Ubangijinmu Yesu ya ɗauki duba marar lafiya a matsayin hidima gare shi kansa, bai kuwa sa sharaɗin warkewa ba.

'Yan'uwa, mu ma muna da irin waɗannan a gidajenmu: tsohon da ya manta sunayen 'ya'yansa, yaron da ba zai taɓa magana ba. Yadda muke riƙe su, inda babu mai yabo, shi yake nuna ko ƙaunarmu don Almasihu ce ko don godiya. Mu riƙa tunawa da ma'aikatan jinya na ikkilisiyarmu cikin addu'a, musamman masu aikin dare. Ubangiji ya ƙarfafa hannuwansu. Amin.