Gidan Talaka, Nauyin Wa Ne?

 Wata gardama ce na kawo muku yau, wadda ta haɗa ni da wani dattijo a Fulatari ranar kasuwa, muna zaune gindin aduwa muna jiran motar Maine Sorowa. Mai karɓar kuɗin kasuwa ya zo ya yaga masa tikiti, don ya sayar da awaki biyu. Tsoho ya biya, ya bi yaron da kallo, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka ga wannan kuɗi? Albashin masu zaman kujera za a yi da shi. Da azara da kwano aka saya, da an rufa wa wata tsohuwa marar gata ɗaki kafin damina." Na ce, "Baba, to wa zai san tsohuwar da ta fi bukata? Wa kuma zai rubuta cewa ɗakin nata ne?" Ya ce, "Maƙwabta sun sani." Mota ta zo, muka rabu ba wanda ya ka da wani. Amma maganar ba ta bar ni ba har yau.

A zamanin da, gaskiyar tsoho ce. Wanda ke son gida sai ya tafi wurin bulama ko arɗo, a nuna masa fili. Ya kira gayya, samari su kwaɓa ƙasa, mata su kawo ruwa, a taru a ɗaga jinka. Makiyayi kuwa gidansa tabarmi ne da sanduna, in za a tashi a naɗe a aza wa jaki. Ba ofis, ba takarda, ba albashi. Shaidar gidanka ita ce idon mutanen da suka san ubanka.

To, me ya sake? Ranar 6 ga watan Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. A watan Mayu na shekarar nan aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. A watan Yuni 2016 aka sake faɗa wa Boso, jama'a suka watse suka kafa bukkoki na kara da leda a bakin babbar hanya, wajen Garin Wanzam da Kinjandi. Cikin waɗannan shekaru yawan waɗanda suka bar gidajensu a jihar Diffa, da ƴan ƙasa da waɗanda suka ƙetaro daga Nijeriya, ya kai kimanin dubu 250. Ana cikin haka, a watan Oktoba 2019 Komadugu ta yi ambaliya, ta shiga unguwanni da ƙauyukan bakin ruwa, wasu dubbai suka sake rasa wurin kwana.

Mutanen Manga sun yi abin da ya kamace su. Sun buɗe zaure, sun raba tuwo, gidan mutum goma ya ɗauki talatin. Amma mutum yana iya saukar da baƙo wata ɗaya ko shekara, ba ya iya saukar da gari guda har shekara goma. Kuma wanda ya zo daga Boso ko Malam Fatori, wa ya san ubansa a Shetimari da zai shaida fili nasa ne? Nan idon maƙwabta ya kasa. Dole nauyin ya koma wuyan ƙaramar hukuma, domin ita ce gayyar zamani.

Ga dabarar da aka yi. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muka sani da HCR, ta haɗa kai da ma'aikatun magajin gari, Tarayyar Turai kuma ta sa Yuro miliyan 12, wato kusan sefa miliyar 8. An yi niyyar yanka filaye dubu 6 da gina gidaje dubu 4 a ƙananan hukumomi bakwai, cikinsu har da Diffa da Shetimari da Maine Sorowa da Ngigmi. Sai a auna ƙasa a yanka. A ba masu gonakin asali kasonsu maimakon diyya. A ware wuraren makaranta da asibiti da hanyoyi. A ba marasa ƙarfi nasu filaye da takarda. Saura kuwa a bar wa ƙaramar hukuma ta sayar, ta samu abin aiki. An koya wa samari buga tubali da gini, suka samu abin sawa a baka. Wanda ya taɓa kwana cikin bukkar leda da zafin bazara ba zai raina wannan aiki ba.

Duk da haka, sai mu tambayi kanmu, kuɗin gidan talaka daga ina ya kamata su fito? Rijiya uku ce.

Ta fari, hannun baƙo. Ruwanta da yawa, amma gugan ba namu ba ne. Shiri yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. Mun kuma gani da idonmu, bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, yadda Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin da take zubawa cikin baitulmalin ƙasa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ta biyu, gwamnatin ƙasa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004, aka kafa 265. A 2008 aka yi dokar kafa hukumar ANFICT don ta riƙa tallafa musu da kuɗi. A 2018 aka buɗe bankin gidaje a Yamai. Amma banki mai albashi yake ba bashi, wanda za a iya yankar kuɗinsa ƙarshen wata. Mai noman tattasai da mai sayar da nono ba su da takardar albashi. Tallafin gwamnati kuwa ƙishirwa da yawa ke jiransa: rijiya, aji, ɗakin magani.

Ta uku, aljihunmu: lanho, kuɗin kasuwa, kuɗin tasha, da kuɗin filaye. Wannan ce tamu ta kanmu, ita ce kuma mai ƙarancin ruwa. Lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka rufe wasu kasuwanni, asusun ƙananan hukumomi ya bushe daidai lokacin da baƙi suka fi yawa. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gari in bai sa ko dala cikin gidan talakansa ba, ba shi da bakin magana ranar da za a raba.

Yanzu mu koma kan maganar tsoho. Shin halal ne a ɗauki kuɗin talaka a biya mai zaman kujera, alhali wani talakan na kwana ruwa na dukansa?

Bari in ba ku abin da na gani. Na taɓa raka wata gwaggona zuwa ofishin wani magajin gari, ba zan faɗi ko na wane gari ba. An ba ta fili, ta tara kuɗin tubali shekara biyu. Ranar da ta kai magini, ta iske wani mutum ya riga ya haƙa tushe. Shi ma yana da takarda, da hatimi, da lamba iri ɗaya da tata. Muka tafi ofis. Yaron da ya rubuta sunaye ɗan shiri ne, da shirin ya ƙare ya tafi neman aiki Damagaram. Littafin da ya bari gara ta ci rabinsa. Mai awon da ya kafa duwatsun iyaka hayarsa aka yi daga nesa, ya koma. Ba wanda ya yi niyyar zaluntar gwaggo. Abin da ya zalunce ta shi ne kujerar da ba kowa a kanta.

Tun ran nan na gane gida ba bango da rufi kaɗai ba ne. Kafin a aza tubali akwai mai awo. Akwai mai bin bukka bukka ya san wa ke da marayu, wa ke da shanu a ɓoye. Akwai mai duba aikin magini kada a ci siminti. Akwai mai riƙon littafi, wanda bayan shekara ashirin zai buɗe ya ce, fili mai lamba kaza na wance ne. Waɗannan mutane ba a ɗaukar hotonsu ranar bikin ba da mabuɗi, amma albashinsu yana cikin kuɗin gidan, kamar yadda tushe yake cikin gini ko da ba a ganinsa. Ma'aikacin da aka bari wata shida ba albashi, aka kuma damƙa masa hatimin filaye, an ba kura ajiyar nama. In ya ci, ya yi laifi. Amma mu da muka bar shi da yunwa, muna da namu kaso.

Na san abin da tsoho zai ce. Zai ce, "Ai wani ko an biya shi sai ya ci." Gaskiya ne. Mun sha jin an ba ɗan uwan mai mulki filin da aka ware wa marayu. Mun sha jin an biya bashin albashi da filaye, har ƙasar gari ta ƙare ba a gina ko famfo ɗaya ba. Don haka biyan ma'aikaci rabin magani ne. Ɗaya rabin shi ne a yi komai a fili. A karanta sunayen waɗanda aka ba gidaje a bainar jama'a, da Barbarci da Fillanci da Hausa. A liƙa lissafin kuɗin filaye a ƙofar ofis: nawa suka shiga, ina suka tafi. A yi littafi biyu, a ajiye su wuri biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Wannan ya ƙara nuna mana cewa shugabanni na zuwa suna tafiya. Mai littafi da littafinsa su ne ya kamata a iske, ko wa ya zo.

Mu mutanen Fulatari muna da wani abin lura na musamman. Dabarar sayar da fili a gina gida ta dace da gari mai kasuwa babba, inda fili ke da tsada. Mu dukiyarmu makiyaya ce da burtali da bakin rijiya. Dokar kiwo ta 2010 ta hana a mai da makiyaya mallakar mutum ɗaya. In muka yanka burtali don mu rufa wa wani asiri, mun tone na wani. Gidan da ya dace da mu shi ne mai araha, na ƙasarmu. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba katako a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla, ba azara ba kwano. Magini ɗaya ƙwararre da hukuma za ta riƙe, yana koya wa samari, zai fi motar siminti amfani. In kuwa ƙarfinmu bai kai ɗaukar mai awo ba, me zai hana ƙananan hukumomi biyu ko uku na maƙwabtaka su haɗa kuɗi su riƙe guda?

Baba, in wannan takarda ta iske ka, ga amsar da ban samu ba ka ba ranar nan. Ka yi gaskiya da ka ce kuɗinka na tsohuwa marar gata ne. Amma ba za su kai gare ta ba sai ta hannun wani, kuma wannan hannu yana da iyali. Biya tikitinka, sa'an nan ka tafi ofis ka tambayi inda kuɗin suka shiga, domin haƙƙinka ne. Iyayenmu sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yau cikin hannuwan da ke ɗaukarta har da mai riƙe da alƙalami.

To, ku masu karatu na Geskeru da Shetimari da sauran garuruwan bakin Komadugu, wa kuka ba gaskiya, ni ko tsoho? Ku tattauna a dandalinku, ku aiko mana da ra'ayinku. Allah ya rufa asirin kowa.