Aro da Amana a Yaren Rust

Dokar da aka jinkirta zartar da ita, har yanzu doka ce? Tambayar ta masu falsafa ce, amma ta taso a cikin Rust, yaren rubuta manhaja da Graydon Hoare ya ƙirƙiro, Mozilla ta ɗauki nauyinsa, ya fito a kammale a 2015. Yaren ya ginu ne a kan mallaka: kowane bayani da ke ma'adanar kwamfuta yana da mai shi guda ɗaya. Ana iya ba da aronsa, amma ko dai ga masu karantawa da yawa, ko ga mai gyara ɗaya tak, ba a haɗa biyun lokaci guda. Alƙalin kuwa shi ne kwamfaila, manhajar da ke tantance rubutu kafin ya fara aiki, kuma ba ta san lallashi ba.

Sai ga RefCell, wani akwati da ke ba da damar gyara abin da ke cikinsa alhali ana tarayya a kansa. Masu suka na cewa wannan fuska biyu ce: a waje abu ba ya canzawa, a ciki ana ta juya shi. Ban yarda ba. RefCell yana riƙe da ɗan lissafi na wanda ya ara da abin da ya ara don yi. Idan wani ya nemi gyara alhali mai karantawa bai mayar da aro ba, nan take aikin ya tsaya cik. Dokar tana nan daram, zaman kotun ne aka ɗage.

Dalilin ɗagewar ma ba lalaci ba ne. Tun 1953 ka'idar Henry Rice ta tabbatar cewa babu manhajar da za ta iya hango halin kowace manhaja daidai kafin ta yi aiki. Dole alƙali mai tsantseni ya kori wasu masu gaskiya, RefCell kuwa ƙofar ɗaukaka ƙararsu ce. Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne farashin: kuskuren da ya kamata a kama a teburin mai rubutu yana iya fashewa a hannun mai amfani. Amanar ta bar kwamfaila ta koma wuyan mutum, don haka wanda ya cika rubutunsa da RefCell don kawai ya kauce wa alƙali, laifin nasa ne, ba na Rust ba.