Daga Ina Mugunta Ta Fito?

A Zangon Kumasi, inda Kiristoci masu jin Hausa suke zaune a tsakiyar maƙwabtansu Musulmi, daga Asawase har Aboabo, akwai wata tambaya wadda ba ta tsufa. Takan taso a gidan makoki, takan taso sa'ad da gobara ta cinye rumfunan kasuwa, takan kuma taso a ajin masu shirin baftisma. Idan Allah nagari ne, shi ne kuma ya yi kome, to, daga ina mugunta ta fito? Amsar da mutum ya riƙe ita ce za ta nuna yadda zai ɗauki jikinsa, da maƙwabcinsa, da laifin kansa.

Amsar Masu Ilimin Asiri

A ƙarni na biyu bayan haihuwar Almasihu, waɗansu malamai suka tashi da wata amsa. Cikinsu akwai Basilides na Iskandariya ta Masar, da Balentinus wanda ya koyar a Roma wajen shekara ta 140. Ana ce da su Nostikawa, daga kalmar Helenanci mai ma'anar sani. Shekaru masu yawa an san su ta bakin abokan gābansu ne, sai a 1945 wani manomi ya tono tulu kusa da Nag Hammadi a Masar, cikinsa da littattafai 13 na harshen Kibɗawa, masu ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 50. Yanzu suna ajiye a Alkahira.

Koyarwarsu iri iri ce, amma gindinta ɗaya. Sun ce Allah na gaskiya yana can nesa, bai taɓa ƙasa da hannunsa ba. Wani ƙaramin mahalicci, jahili mai girman kai, shi ya yi duniyan nan, ya kulle ɗan haske na sama a cikin jikin mutum kamar tsuntsu a keji. Saboda haka mugunta a wurinsu ita ce halittar kanta, nagarta kuwa ita ce sanin asirin da zai fid da ruhu daga jiki. Waɗansunsu har sun yabi macijin gonar Aidan, wai shi ya buɗe wa mutum ido. Mabiyan Balentinus kuma suka raba mutane kashi uku: na ruhu, da na tsaka-tsaki, da na turɓaya.

Kada a yi saurin raina wannan amsa. Uwar da ta binne jaririnta ta san abin da ya sa mutum zai ce wannan duniya ba aikin Mai Jinƙai ba ce. Amma a duba inda hanyar ta ɓulla. In jiki kurkuku ne, me zai sa a kula da yunwar maƙwabci? In laifin na mahalicci ne, wa zai tuba? In kuma ceto na masu asiri ne, ina rabon yarinyar da take dako a kasuwar Kejetiya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba? Har yau duk wanda ya zo Zango yana cewa akwai wani ɓoyayyen sani da limaman ikkilisiya ba su kai gare shi ba, sai an biya, sai an rantse, a wannan tsohuwar rijiya yake ɗiba, ko da bai taɓa jin sunan Balentinus ba.

Amsar Ikkilisiya

Wajen shekara ta 180, Iraniyus, bishop na Liyon a ƙasar da ake kira Faransa yanzu, ya rubuta littattafai biyar yana amsa musu. Ya tsaya a kan cewa Mahalicci da Mai Ceto Allah ɗaya ne. Sura ta fari ta Farawa tana maimaita cewa halitta mai kyau ce, Bisharar Yahaya kuma ta shaida Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin na mutane. Ya kuma ce manzanni a fili suka koyar, ba su ɓoye wa talaka kome ba.

Bayansa sai Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a 354 a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi wajen shekara tara yana bin koyarwar Mani, wadda ta ce haske da duhu sarakuna biyu ne masu yaƙi tun fil'azal. Bayan baftismarsa a 387, ya bayyana cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, lalacewar abu mai kyau ce. Jikokin fataken goro ba za su sha wuyar gane wannan ba. Ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya sayi sankara ita kaɗai. A jikin goro ake samunta, samunta kuwa bai nuna goro mugun abu ba ne tun asali. Haka zinariyar Asante kyauta ce daga Allah. Haɗamar masu haƙar galamse ce ta mai da kogin Offin da na Pra laka, har gwamnati ta hana ƙananan haƙa a 2017. Markus sura 7 ta nuna inda Yesu ya ajiye tushen abin: a zuciyar mutum.

Inda Ikkilisiya Ta Yi Tuntuɓe

Amma riƙe amsa ta gaskiya bai hana ikkilisiya faɗawa wani rami ba. Nostikawa sun tura mugunta ga jiki da duniya, ikkilisiya kuwa sau da yawa takan tura ta bayan katangarta, ta ce nagari shi ne wanda yake cikin rajista, mugu shi ne na waje. Wajen 385 aka kashe Firisiliyan, wani bishop na Sifen, a birnin Tiriya bisa ƙarar 'yan'uwansa bishop-bishop, ko da yake Ambros na Milan da Martin na Tur sun ƙi abin. A 1209 rundunar da Paparoma ya kira ta hallaka dubban mutane a Beziye ta Faransa, don ta kawar da Katarawa masu koyarwa irin ta haske da duhu. A nan Ghana ma, mai ziyartar gidan bayi na Cape Coast yakan ga inda ake sujada a bisa, kurkukun bayi maza kuwa a ƙarƙashinsa. Masu waƙar yabo a saman nan ba su rasa koyarwa daidai ba. Abin da suka rasa shi ne ganin sankarar da take cikin nasu goron.

Ashe kuskuren biyu 'yan uwa ɗaya ne: kowannensu yana ba mutum wani wurin da zai nuna da yatsa, ban da ƙirjinsa. Darajar ikkilisiya mai tsari ita ce, tana karanta Littafi a gaban kowa, har da surorin da suke hukunta shugabanninta, kowane Lahadi kuma babba da yaro suna furta zunubi tare. Ranar da ta daina wannan, ta zama ƙungiyar asiri mai babban gini.

Don haka Kirista na Zango ba shi da izinin ƙin duniya, ba shi kuma da izinin jingina ga katin baftisma. Matiyu sura 25 ta auna nagarta da abinci, da ruwa, da tufa, da gaishe da mara lafiya, dukansu abubuwan jiki ne, ba ta kuwa tambayi addinin mai yunwar ba. Wanda ya share magudanar unguwa, ya cika mudu daidai, ya je jana'izar maƙwabcinsa Musulmi, ya kuma durƙusa da dare ya faɗi laifinsa da sunansa, shi ne ya amsa tambayar da aka fara da ita.