Share Suna Daga Waya Ba Ya Share Hakki



A wannan mako filin zai duba wata mas'ala wadda mutane da yawa ke ɗauka ba a bakin kome take ba. Mutum ne zai zauna da wayarsa, ko kuwa da kwamfutar nan mai faɗi kamar allo wadda ake kira tabulet, ya bi jerin sunayen da ke ciki yana sharewa ɗaya bayan ɗaya. Shin wannan aikin yatsa ne kurum, ko kuwa akwai abin da addini zai ce a cikinsa?

Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ɗan littafin da 'yan kasuwa ke rubuta sunaye da adireshi a ciki ya fara ɓacewa daga aljihu. Da farko katin waya ba ya ɗaukar sunan da ya wuce kamar 250, saboda haka tilas mutum ya zaɓi waɗanda zai ajiye. Yanzu kuwa na'ura tana haɗiye duk abin da aka zuba mata. A ƙasa irin ta Danja, inda noman rani na tumatir da rake ya haɗa jama'a da garuruwa na nesa, wayar dillali guda takan tara direbobi, da masu sayar da kwando, da masu taki, da mai gyaran injin ban ruwa, da manoman Dabai da Tandama da Kahutu, da abokan ciniki na Funtuwa da Zariya har zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. In shekaru suka yi nisa sai jerin ya cushe, suna ɗaya ya fito sau uku, wani ma mai wayar ba ya tuna ko wane ne.

A ɗauki misalin wani dillalin tumatir wanda ya manyanta. Bayan an tashi daga hada-hadar rani, sai ya miƙa wa ɗansa tabulet ɗinsa ya ce ya gyara masa sunayen. Yaro ya zauna ya haɗe waɗanda suka maimaitu, ya fitar da layukan da suka mutu. Sa'an nan ya kawo shawara: "Baba, duk wanda aka shekara biyu ba a kira shi ba, ai sai a share." Uban ya ce to. Ba a yi nisa ba sai ga sunaye uku sun faɗa cikin wannan doka. Na farko ubangidansa ne wanda ya fara ba shi jari, ya riga mu gidan gaskiya. Na biyu ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda suka ɓata a kan gonar gado. Na uku wani manomi ne da ya daɗe yana ba shi kaya, har shekarar 2016 da tsutsar nan ta tumatir, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Arewa. Tun daga nan bai farfaɗo ba, in ya yi kira kuwa taimako yake nema. Yaro ya ce, "Baba, a share?" Dattijo ya yi shiru.

Wannan shirun shi ne mas'alar. Dokar da yaron ya kawo ba ta da laifi a wajen na'ura, domin na'ura tana auna mutum da yawan kiran da aka yi masa. Musulunci kuwa yana auna shi da hakkin da yake da shi, kuma hakki ba ya tsufa don an daɗe ba a waiwaye shi ba.

Da farko ya kamata a faɗi abin da babu shakka a cikinsa. Gyara jerin sunaye halal ne, wani lokaci ma shi ne ya fi. Kamfanonin waya sukan karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, kuma tun da gwamnati ta ba da umurnin haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa a watan Disamba na 2020 an rufe layuka masu ɗimbin yawa. Wanda ya bar tsohuwar lamba a ƙarƙashin sunan amininsa yana iya aika sirrinsa ko maganar kuɗinsa ga baƙon da bai taɓa gani ba. Share irin wannan tsare amana ne. Haka nan lambar ɗan damfara, da ta mai kawo gulma, da ta wanda ke jan mutum zuwa ga saɓon Allah. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, kuma ake karanta shi a zaurukan malamai na ƙasar nan, ya bayyana cewa akwai ƙauracewar da ta halatta, kamar ƙaurace wa mai bayyana manyan zunubai wanda ba ya karɓar wa'azi. Saboda haka ba a ce kowane suna sai ya zauna ba.

To, sai sunan mamaci. Lambar wanda ya rasu ba ta da wata alfarma a kan kanta, babu zunubi ga wanda ya share ta, babu kuma laifi ga wanda zuciyarsa ta kasa. Abin tambaya shi ne abin da sunan ke tuna masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika da naman ga ƙawayen Nana Hadiza, alhali kuwa ta daɗe da rasuwa. Muslim kuma ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya gamu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da abokan tafiya suka yi mamaki, sai ya gaya musu cewa mahaifin mutumin masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafificin biyayya gare shi. Ashe ke nan mutuwa ba ta rufe littafin alheri, sai dai ta mayar da shi ga waɗanda mamacin ya bari. Dillalin nan in ya ga dama ya share lambar ubangidansa, amma kafin yatsansa ya sauka ya kamata ya tambayi kansa: akwai lambar 'ya'yan marigayin a cikin wannan jeri? Yaushe rabonsa da gaishe da matar da ya bari? In babu, to gyaran da jerin ke bukata ƙari ne.

A nan akwai gargaɗi ga magada. Sau da yawa in ɗan kasuwa ya rasu, sai yara su yi gaggawar wanke wayarsa don a sayar ko wani ya ɗauka. Wannan kuskure ne babba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sa biyan bashi da zartar da wasiyya gaba da rabo. Cinikin tumatir kuwa yawancinsa a kan amana yake tafiya, a ɗauki kaya yau a biya in mota ta dawo. Wayar mamaci wani lokaci ita kaɗai ce takardar da ta rage wadda za ta nuna wa yake bi, wa ke binsa. Wanda ya wanke ta kafin a bincika yana iya barin mahaifinsa da nauyin da ba za a ƙara gano mai shi ba. Ita kanta na'urar ma dukiyar gado ce, ba ta wanda ya riga ɗauka ba.

Suna na biyu ya fi nauyi. Ayar farko ta Suratun Nisa'i ta haɗa tsoron Allah da kiyaye zumunta a wuri guda, aya ta 22 da ta 23 a Suratu Muhammad kuma suka jera yanke zumunta tare da ɓarna a bayan ƙasa. Hadisi ingantacce ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma nuna cewa wanda ya fara yin sallama shi ne mafi alheri a cikinsu. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa bayi ranar Litinin da Alhamis, ban da mutum biyu da ke gaba da juna, su ana jinkirta musu har sai sun shirya. In wannan hukuncin ɗan'uwa na addini ne, ina ga wanda aka sha nono ɗaya da shi?

Mai karatu yana iya cewa, ai share lamba ba yanke zumunta ba ne, domin mutum yana iya sharewa kuma ya taka har gida ya yi gaisuwa. Wannan gaskiya ne, ayyuka kuwa da niyya suke. Amma kowa ya san abin da ke cikin ransa sa'ad da ya share sunan ƙanensa cikin fushi. Yana yi ne don ko ranar Salla ta zo, zuciya ta yi laushi, ya duba ya tarar babu hanya. Wasu ma ba su tsaya nan ba, sai su toshe layin, yadda in ɗan'uwan ya yi nadama ya kira ba zai samu shiga ba. Wanda ya yi haka ya hana kansa fara sallama, ya kuma hana ɗan'uwansa. Da can in 'yan'uwa sun ɓata, kasuwa da masallaci da jana'iza sukan haɗa su ko suna so ko ba su so. Yau da neman abinci ya watsa dangi, wani yana Legas wani yana Fatakwal, sau da yawa lambar nan ita ce ƙofar da ta rage. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

In mutum ya ce shi aka zalunta, to ya tuna da Sayyidina Abubakar. Misɗahu ɗan'uwansa ne matalauci wanda yake ciyarwa, amma ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi kome ba. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kira zuwa ga afuwa, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi. Wace gonar gado ce ta kai zafin wannan? Bukhari kuma ya ruwaito cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa, ba mai ramuwar ziyara da ziyara ba. Shari'ar gona tana da wurinta a gaban alƙali ko dattawan gari, neman hakki kuwa bai hana gaisuwa ba.

Suna na uku shi ne ma'aunin mutunci. Manomin nan bai yi laifin kome ba, talauci ne ya same shi. Sa'ad da kwandunansa ke cika mota, sunansa na cikin waɗanda ake kira da asuba. In aka share shi yanzu, ma'anarsa ita ce tun farko ba shi aka ajiye ba, tumatirinsa aka ajiye. Ba a wajabta wa dillali ya biya kowace bukata da aka kawo masa ba, amma Suratud Duha ta hana a kyari mai tambaya, kuma kyakkyawar magana ita ma sadaka ce. Ya amsa kira ya ce yau babu, Allah Ya hore, ya fi ya mai da mutum baƙuwar lamba wadda za a amsa da "wa ke magana?" Noma kuwa juyi gare shi. Wanda tsutsa ta kayar bana yana iya zama mai kaya baɗi, mai mota kuma ya koma neman bashi.

Sai dai kada wanda bai share kowa ba ya yi murna da wuri. Akwai mai ɗauke da lambar gwaggonsa shekara biyar bai taɓa danna ta ba. Ajiye suna a na'ura ba sada zumunci ba ne. Kakanni sun ce zumunta a ƙafa take. Waya ta rage wa ƙafa wahala, saboda haka ta rage wa mai ita uzuri. Wanda da yake cewa nisa ne ya hana shi, me zai ce yanzu?

Masu sanin na'ura sun san cewa in sunayen suna ajiye a asusun Google, wanda aka share a tabulet zai ɓace a waya ma, amma yana zama a kwandon shara har kwana 30, ana iya dawo da shi kafin su cika. Wannan rangwame ne ga mai kuskure. Sai dai wa'adin Shari'a ya fi na kamfani gajarta, kwana uku ne, wa'adin rai kuwa babu wanda aka gaya wa.

Saboda haka duk wanda ya zauna gyaran sunaye, ya canza tambayar da yake yi a kan kowane suna. Maimakon ya ce wannan yana da amfani a gare ni, ya ce wannan yana da hakki a kaina? Layin da ya mutu da lambar macuci su tafi. Sunan mamaci ya zama dalilin addu'a da neman iyalinsa. Sunan da ya daɗe ba a kira ba kuwa, in na dangi ne ko na tsohon abokin arziki, to maganinsa a kira shi. Dattijon nan na misali, abin da ya fi masa shi ne ya karɓi tabulet daga hannun ɗansa, ya danna sunan ƙanensa, ya yi sallama. Yaron da ke zaune yana kallo zai koyi abin da zai yi da sunayen 'yan'uwansa wata rana.

Allah Ya kiyashe da jama'ar Musulmi daga yanke zumunta, Ya jiƙan magabata, Ya sa a dace. Amin.