Kada a Jira Gari ya Waye



Ranar 11 ga Fabrairu ta kowace shekara Ikilisiya tana kiyaye Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na II ya kafa a shekarar 1992. Albarkacin wannan rana muna so mu yi magana da ku, musamman 'yan'uwanmu na Alelu da sauran garuruwan Jega, Aliero da Maiyama, a kan bugun zuciya.

Zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikinsu, naman da jinin ya daina kaiwa gare shi yakan fara mutuwa, abin da ya mutu kuwa ba ya komowa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma ta fi amfani cikin awa biyu ko uku na farko; bayan awa 12 amfaninta kaɗan ne. Alamun ciwon su ne nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, gumi mai sanyi, numfashi da ƙyar, da zafin da ke miƙewa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi. Ga mata da masu ciwon sukari, wani lokaci kasala ce kawai da tashin zuciya.

To, mu kuwa me muke yi? Mu ce gyambon ciki ne, a aiki yaro kemis. Mu ce maigida yana kasuwar Jega, ba a fita da matarsa sai ya dawo. Mu ce dare ya yi, a bari gari ya waye. Mai karaya ana gaggawar kai shi wurin masu ɗori na Aliero domin ido ya ga ƙashin. Mai ciwon ƙirji kuwa sai a ce ya kwanta ya huta.

Abin da ya fi damunmu shi ne jinkirin da ake yi da sunan ibada. Sai a ce a kira Fada tukuna, ko a taru a yi addu'a har ciwon ya lafa. Ku tuna da mutum huɗun nan na Bisharar Markus, sura 2, waɗanda suka ɗauko shanyayye. Da taro ya tare musu ƙofa ba su zauna jira ba, rufin ɗakin suka buɗe suka zura shi gaban Yesu. Bangaskiyarsu ce Ubangiji ya duba, a kafaɗunsu kuwa ya gan ta. Littafin Sirak, sura 38, shi ma ya koya mana girmama likita, gama daga wurin Allah gwanintarsa take. Saboda haka a yi addu'ar cikin mota. A kira mu a waya, za mu same ku a asibiti da man shafewa na marasa lafiya. Babu Fadan da zai ji an raina shi don an riga shi isa can.

A nufi babban asibiti mafi kusa, a faɗa wa ma'aikata tun daga ƙofa cewa ƙirji ne, a roƙi gwajin zuciya na na'ura. In sun ce a wuce Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a wuce nan take. Kada mara lafiyar ya tuƙa mota ko babur da kansa.

Mun sani kuɗin mota da na magani ne ke daure wa da yawa ƙafa. Don haka muna roƙon kwamitin kowace coci da Zumuntar Mata Katolika su ware ɗan asusu na gaggawa, su kuma rubuta lambar wayar direbobi biyu da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare ne. Katikis ya manna takardar a ƙofar coci kafin Misa ta Lahadi mai zuwa.