Liyarin Kakata da Idon Baƙo

Da kakata ta rasu a Damagaram, abin da ya faɗo rabona liyari ne guda ɗaya, wato kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. An huda shi daga sama domin tana rataya shi a wuya, kuma duk jajibirin Sallah sai ta goge shi da toka da lemun tsami. Na aika hotonsa ga wani ɗan'uwana da ke zaune a Amurka, mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi da lambobin tunawa. Ya ce mini: "Yaya, a nan wannan ba zai sami maki ba. An huda shi, an kuma goge shi." Maganar ta tsaya mini a rai.

Ga yadda abin yake a can. Masu tara irin waɗannan kaya suna aika su ga kamfanonin da ba su ne masu saye ko sayarwa ba. Manyansu biyu ne: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da ta biyo baya a 1987. Gwanayensu su duba ko abin na gaske ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70 bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, sannan a rufe shi ruf cikin roba mai gani-gari, da takardar shaida. Har kwabban da 'yan kasuwar Amurka suka buga wa kansu lokacin yaƙin basasarsu, da canji ya yi wuya kafin a hana su a 1864, ana ba su maki. Abin da aka goge ko aka huda kuwa, sai a shaida na gaske ne, a rubuta aibinsa, a hana shi lamba.

Da farko na ji haushi. Amma da na natsu sai na ga hujjarsu. Mutumin da zai sayi abu ta intanet a hannun wanda bai taɓa gani ba, da me zai dogara? Mai kaya ba ya kushe kayansa. Ko a kasuwar dabbobi muna neman dillali wanda ya san haƙorin rago, mu biya shi la'ada. Shaidar wanda ba shi da riba a cinikin kariya ce ga wanda bai iya ba, kuma hana zamba aikin alheri ne. Goge-gogen ma da gaske yana cinye fuskar ƙarfe, ba ta kuma dawowa.

Sai dai akwai abu biyu da suka hana ni sakin jiki. Na farko, mai kayan shi ke biyan kuɗin dubawa, kuma maki ɗaya kan iya ninka farashi. Shi ya sa wasu ke fasa robar su sake aikawa, ko za a dace da ƙarin maki. Har ta kai a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, wanda ya fara da duba makin da waɗancan suka bayar, ya manna koriyar alama in ya gamsu. To shi kuma wa zai duba shi? Duk tsawon igiyar shaidu, ƙarshenta yana hannun mutum ɗaya da dole a yarda da shi. Dillalin garinmu in ya yi ƙarya gobe za ku haɗu a masallaci. Wancan kuwa ba ka san fuskarsa ba.

Na biyu ya fi damuna. In mutum ya saba karanta lambar da ke jikin roba, idonsa kan mutu, ya daina kallon abin da ke ciki. Kakanninmu ba su yi haka ba. Duk liyarin da aka sake bugawa bayan rasuwar sarauniyar yana ɗauke da 1780, ko da a ƙarni na 20 aka buga shi. Fatake ba su damu da rubutun ba. Nauyinsa suke ji, kimanin giram 28, su kaɗa shi su saurari amonsa. Mu fa? Sau nawa muke auna mutum da takardarsa tun kafin mu ji maganarsa?

Inda na tsaya shi ne: makin gaskiya ne, amma amsa ce ga tambaya ɗaya tak, wato nawa baƙo zai biya. A wannan fage ramin da ke jikin liyarina aibi ne, ban musa ba. Laifin yana zuwa ne in mai abu ya ɗauki amsar baƙo ya mai da ita tasa, har ya fara jin kunyar abin da ya gada. Ta wannan rami zaren wuyan kakata ya bi, kuma inda hoton ya shafe, nan babban yatsanta ya riƙa murzawa.

Na ce wa ɗan'uwana in wata rana zan sayi irinsa a hannun wanda ban sani ba, zan nemi mai shaida, in biya da farin ciki. Wannan kam yana nan cikin gafakata. Sallar da ta wuce 'yata ta roƙe ni ta goge shi, na miƙa mata toka da lemun tsami.